Giwan Ruwa Ta Tafasa a Hanyar Zauro

Tun ranar da Musaddiq ya fara ganin Nazifa motarsa ta soma ciwon da ya kusa raba su. Da ya kalli allurar zafi a ranar, da ya ga ta wuce inda ta saba tsayawa. Bai kalla ba. Idonsa yana kan madubi.

A bakin tashar Argungu ne. Hadari ya haɗo daga gabas, motocin Birnin Kebbi duk sun cika sun tafi. Yana ɗaure kwandunan busasshen kifin da yake kaiwa kasuwar Birni, sai wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa masa mota da sanda. Inna Laure ke nan, kakar Nazifa. Ta ce jikarta za ta koma makarantar koyon aikin jinya, ita kuma za ta ganin likitan ido, in yana tsoron Allah ya ɗauke su kafin ruwa ya sauko.

"Inna, motar ƙarnin kifi take yi," in ji shi.

"Mu Kabawa za a ba tsoro da ƙarnin kihi? Buɗe muna ƙohwa."

Nazifa ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Wannan dariyar ya yi ta nema a madubi har suka shiga Birni. Kafin su sauka Inna Laure ta gama tambayarsa sunan ubansa da unguwarsu, ta kuma laƙaba masa suna angonta. Lambar waya kuwa da kanta ta ce jikar ta ba shi, wai ko za su sake rasa mota.

Tsohuwar mota ce mai dogon baya. Musaddiq ya cire kujerun can ƙarshe, ya ƙara mata sifirin don ɗaukar kaya, ya fidda ƙaramin injinta ya sa mata babba. Injin ya cika wurin har fankarta ta asali ta rasa mazauni. Sai ya samo fankar lantarki ta wata mota ya ɗaura da hannunsa a gaban lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji. Direbobin tasha suka raɗa mata Giwan Ruwa, saboda girman cikinta da yadda take ratsa hanya.

Damina ta yi musu daɗi. Duk yammacin da ya sauke kifi sai ya biya ta ƙofar makaranta, ya tsaya nesa kaɗan, ta fito su gaisa. Yana kiranta Sanyina. Ita kuma Mai Giwa take ce masa, in ta so tsokana ta ce ta san a zuciyarsa mota ce gaba.

"Sanyina, na iso lafiya. Kujerar da kika zauna har yau ban bari kowa ya hau ba, kwandon kifi kawai."

"Mai Giwa, ashe darajata ɗaya da kwandon kifi. Na gode. Ka yi sallah kafin ka kama hanya."

Da maganar ta kai gida, a nan aka samu cikas. Mahaifin Nazifa, Malam Labbo, manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Mutum ne da in ya kulle ƙofa ya kwanta sai ya tashi ya sake taɓa sakatar. Ranar da Nazifa za ta yi tafiya ba ya iya cin abinci sai ta kira ta ce ta sauka. Mutane suna cewa ya cika tsoro. Wanda bai raini ɗiya ba shi ke faɗin haka.

Ya yi bincike, bai samu aibin yaron ba. Yana sallah, yana riƙe da mahaifiyarsa, ba ya shaye-shaye. Amma da ya ji labarin motar sai ransa ya ɓaci. Ya ce wa mahaifiyar Nazifa, waɗanda suka ƙera mota sun san abin da za ta iya ɗauka. Yaron da ya raina injin da aka ba shi ya je ya nemo wanda ya fi ƙarfi, gudu ne a ransa. Shi ba zai tilasta wa ɗiyarsa kowa ba, amma ba zai miƙa ta ga wanda za a zo wata rana a ce an tsince shi a gefen kwalta ba.

Inna Laure, wadda ita ta haife shi, ta yi ta lallashinsa har ya yarda manyan Musaddiq su zo gaisuwa.

A lokacin ruwa ya ɗauke, rana ta dawo da ƙarfinta. Musaddiq ya wanke Giwan Ruwa, ya shimfiɗa darduma, ya ɗauko baffanninsa daga Birni. Ba su yi rabin hanya ba allura ta haye ja, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Suka jira ta huce, suka ƙara ruwa, suka tashi, ta sake tafasa. Haka suka yi ta yi, dattawa cikin manyan riguna suna tsaye a rana. Wayar Musaddiq tana aljihunsa tana ta ruri. Kunya ta hana shi ɗauka.

Akwai wani Abbas, ɗan maƙwabtan su Nazifa, ma'aikaci a Birni, wanda ya daɗe yana sonta ba ta ba shi fuska ba. Ya wuce su a hanya bai tsaya ba. Da ya isa Argungu ya ba da labari a majalisa, wai da idonsa ya ga Musaddiq yana tsere da wata mota da tsofaffi a ciki, har injin ya kama hayaƙi. Kafin magariba maganar ta shiga gidan Malam Labbo. Baƙin kuwa ba su iso ba, daga hanya suka juya.

Nazifa ta daina ɗaukar wayar Musaddiq. Ya yi ta turo saƙo.

"Sanyina, wallahi ba gudu na yi ba. Ruwa ne ya tafasa, ban san dalili ba. Ki yi mini magana ko da faɗa ne."

Sai da ta bar shi ya ji jiki sannan ta amsa.

"Mai Giwa, ban yarda da maganar Abbas ba, na san tuƙinka. Ba motar ce ta ɓata mini rai ba, shirunka ne. Umma ta ɗora tukunya tun hantsi. Baba ya shimfiɗa tabarmi a zaure ya zauna har rana ta faɗi, duk wanda ya wuce sai ya leƙa. In abu ya lalace ka faɗa. Zan iya jure lalacewa, ba zan iya jure shiru ba."

Musaddiq ya kai motar garejin Isuwa, bakaniken da suka sa injin tare. Isuwa mutum ne mai haƙuri da aiki. Ya wanke lagireto har ruwan ya fito fes. Ya canza murfinsa. Ya kwance famfon ruwa ya ga lafiyarsa lau. Ya duba baƙin mai ko ruwa ya shiga, bai shiga ba. Babu yoyo ko'ina. Fanka tana juyawa da ƙarfinta, ana jin ƙuginta daga bakin titi. Suka tada motar suka bar ta a tsaye tun daga azahar har Isuwa ya ci abinci ya wanke hannu, allura ba ta motsa daga tsakiya ba. Suka hau kwalta, kafin su yi nisa ta fara hawa.

Isuwa ya share zufa ya ce shi dai tunda yake aiki, mota a cunkoso take zafi, in ta samu hanya ta sha iska ta huce. Wannan ta juya abin. Ya ce a ba shi lokaci, kada a yi doguwar tafiya da ita.

Lokacin ne babu. A al'adar gidansu uba ba ya ba da ɗiyarsa da bakinsa, wansa ke bayarwa. Wan Malam Labbo, Baba Dikko, yana Zauro, kuma ya aiko cewa maganar ta isa haka, ƙanensa ya zo ranar Asabar a yanke ta. Malam Labbo ya kwana biyu yana juyi. Ba ya son ya yanke hukunci da maganar majalisa, ba ya kuma son ya yarda da abin da bai gani ba. Daga ƙarshe ya aika ta bakin Inna Laure: yaron ya zo ya kai shi Zauro a cikin motar. In ta kai su ba ta tsaya ba, zai ce wa Yaya ya karɓi maganar. In ta tsaya a hanya, kowa ya yi haƙuri.

Musaddiq ya kira Nazifa. Ya gaya mata gaskiya, motar ba ta warke ba. Zauro ta fi Birni kusa, wataƙila ta kai, wataƙila ba ta kai ba.

"Ka faɗa wa Baba tun a ƙofar gida," in ji ta.

"In na faɗa ai na faɗi ke nan tun ba a tashi ba."

"In ka ɓoye kuma ta tafasa da shi a ciki fa? Har da Inna za a je. Mai Giwa, ni dai kai nake so, ba sai na rantse ba. Amma kada ka same ni da ƙarya."

Ranar Asabar Musaddiq ya iso bayan azahar da niyyar faɗa. Ya tuɓe takalmi nesa, ya durƙusa ya gaida Malam Labbo. Dattijon ya amsa yana kallon wani wuri, kamar yadda ake yi tsakanin mai neman aure da uban yarinya. Ba a haɗa ido, ba a kiran suna, ba a doguwar magana. Musaddiq ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Malam Labbo ya zagaya motar, ya danna kowace taya da ƙafa, ya yi addu'a ya shiga gaba. Inna Laure ta shiga baya da ƙullin goronta. Nazifa tana leƙe ta bayan labulen zaure har suka ɓace.

Suka bar Argungu a hankali. Fadama ta yi jawur da shinkafa, ana ta yanka. Ba mai magana sai Inna Laure, ita ma da ta ga ba a amsa mata sai ta yi shiru.

Allura ta bar tsakiya.

Musaddiq ya rage gudu. Ta ɗan tsaya, ta ci gaba da hawa. Ya saci kallon Malam Labbo, sai ya ga idon dattijon yana wurin, hannunsa ya damƙe carbi bai ja ba. Kowannensu ya ga abin, kowannensu ya san ɗayan ya gani. Babu wanda zai fara yi wa wani magana.

Suka wuce Alwasa. Wani wari mai kama da na tukunyar da ta ƙone ya fara shigowa. Zufa ta jiƙa rigar Musaddiq har sitiyari yana zame masa.

"Inna," in ji Malam Labbo, bai juya ba, "tambayi yaron ga, wagga allura can take kwana?"

"Inna, ki ce wa Baba wani lokaci takan hau."

"Kun maishe ni wayar salula? Ga ku kusa da juna awa goro cikin huhu, sai ni da ke baya za ku wahal."

Ba wanda ya yi dariya. Allurar ta taɓa ja. Can gaba kuma ga itatuwan Zauro sun bayyana, har ana hango hasumiyar masallaci. In ya taka totur ya rufe ido, wataƙila ta kai. Wataƙila kuma tiyo ya fashe, ko injin ya kama, da tsohuwa a baya da uban Nazifa a gefensa. Ƙafarsa ta yi nauyi a kan totur. Sai ya ɗauke ta, ya sauka gefen hanya ya kashe mota.

Ana jin ƙarar ruwa yana tafasa a ciki.

"Inna, ki ba Baba haƙuri," ya ce, kansa a ƙasa. "Motar ba ta warke ba. Tun a gareji na sani. Na zo da niyyar faɗa na kasa."

Malam Labbo ya buɗe ƙofa. Ya fita ya kama mahaifiyarsa ya kai ta inuwar wata bishiyar bedi, nesa da motar. Musaddiq ya ɗaga bonet, tururi ya buge shi. Ya san ya rasa Nazifa. Don hannunsa ya samu abin yi ya kai tsumma zai murɗe murfin lagireto.

"Inna, hana shi!" in ji Malam Labbo. "Ya bari ta huce."

Suka jira. Mai tsoro ba ya iya zama kusa da abin da bai gane ba, don haka tambayoyi suka fara fitowa, duk ta bakin Inna. An duba mai? An duba. Tana fidda farin hayaƙi? Ba ta yi. Tana yoyo? Ko ɗigo. To yaushe take zafi? Musaddiq ya ce in tana gudu. In tana tsaye ko wuni za ta yi lafiya lau.

Malam Labbo ya yi tsaki a hankali. Ya ce wa Inna shi bai san mota ba, injin ban ruwa da na casa ya sani, amma bai taɓa jin abin da iska ke ƙara wa zafi ba.

Da ta huce aka ƙara ruwa, ya ce a tada ta. Bai yarda da maganar babu yoyo ba, sai ya tattara rigarsa ya durƙusa a gaban motar yana leƙen ƙasa. Fanka ta kama. Wata iska mai zafi ta bugi fuskarsa har ya ja da baya. Ya tsaya yana kallon hancin motar. Ya tsinci karan shinkafa a ƙasa ya riƙe a wurin. Karan ya lanƙwaso ta wajensa.

Bai yarda da gwaji ɗaya ba. Can gaba kaɗan wata a-kori-kura tana lodin buhunan shinkafa, injinta a kunne. Ya taka har wurin, ya yi sallama, ya nemi izini, ya riƙe karan a hancinta. Karan ya manne, motar tana zuƙarsa ciki. Ya dawo da sauri har yana tuntuɓe.

"Musaddiq. Taho ka gani."

Inna Laure ta daina taunar goro. Wannan ne karo na farko da ya kira sunan.

Musaddiq ya zo ya durƙusa kusa da shi. Dattijon ya riƙe karan, ya sake lanƙwasowa waje.

"Waccan shaƙa take yi, taka hurawa take. In kana tsaye ba mai yi mata gardama, sai ta kore zahin. In ka hau hanya, iska na tahowa ta gaba, ita tana turo tata ta baya. Awa mutum biyu cikin jirgi guda, wanga na tuƙi gabas wancan na tuƙi yamma. Ina jirgi za shi?"

Musaddiq ya kira Isuwa ya gaya masa. Isuwa ya ce kai, ai fankar a motarta ta asali bayan lagireto take zama, tana jawo iska zuwa wajenta. Da aka ɗaura ta a gaba ta ci gaba da aikin da ta sani. Su kuma duk dubawar da suka yi ta saman inji suke tsayawa, sun ga tana juyawa sun wuce. Ya ce a kashe mota a sauya wayoyinta biyu, wannan ta koma wurin waccan, za ta juya ta ɗaya gefen.

Wurin matsattse ne, sai da hannu huɗu. Malam Labbo ya naɗe hannun riga ya riƙe waya ɗaya yana cewa a yi a hankali, ƙarfen da zafi. Da aka tada mota ya miƙa wa Musaddiq karan ya ce ya gwada da kansa. Karan ya manne a hancin Giwan Ruwa.

Sauran hanyar idanu huɗu ne a kan allura. Ta sauko tsakiya ta zauna.

Sun isa Zauro la'asar ta wuce. Malam Labbo da Inna suka shiga gidan Baba Dikko, Musaddiq ya tsaya waje jikin mota. An gano ciwon, amma sharaɗi sharaɗi ne, motar ta tsaya a hanya. Ya ciro waya.

"Sanyina, ta tafasa ana hango Zauro. Na tsaya, na faɗi gaskiya. Suna ciki. Duk abin da aka yanke, ki yafe mini wahalar da na ba ki."

"Na ji daɗi da ka tsaya. Ina kan sallaya. Kada ka tafi ko'ina."

Inuwa ta yi tsawo. Awaki suka dawo daga kiwo. Sai ga Inna Laure ta fito tana dogara sanda, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta zauna a kan dakali ta sa shi ya jira ta ɓare goro. Sannan ta ba shi labari. Baba Dikko ya tambaya ko motar ta tsaya. Malam Labbo ya ce ba ita ta tsaya ba, yaron ne ya tsaida ta, garin yana gabansa, ya kuma san abin da zai rasa. Ya ce shi abin da yake tsoro tun farko mutumin da ba ya iya ɗaga ƙafa ne. Ya ce yaron ya yi laifi da bai faɗa tun a gida ba, amma shi ma ya ga allurar tun kafin Alwasa ya kasa buɗe baki.

"To, Inna, me Baba Dikko ya ce?"

"Ya ce ka turo manyanka. Amma wagga tahiya a motar haya za su taho, in ji ƙanensa." Ta harare shi. "Ni kau an yi mini ƙwacen ango ina zaune."

Musaddiq ya durƙusa a wurin ya rufe fuska da hannu biyu.

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a Argungu. Isuwa ya zo da iyalinsa, direbobin tasha suka cika unguwa. Da za a tafi da amarya Birni, aka kawo ta gaban mahaifinta tana kuka cikin lulluɓi. Ya ɗora hannu a kanta.

"Allah shi yi miki albarka, Nazifa. Shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari. In abu ya dame ku, ku hwaɗa ma juna tun da wuri." Ya share ido da bakin riga. "In kun sauka ki kira ni."

Ta kira shi kafin a kira isha'i, sannan ya iya cin tuwon bikin.

Giwan Ruwa tana nan tana jigilar kifi tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Ko tafasar da injin ya sha a baya ta bar masa rauni a ciki, Isuwa ya ce ba a iya sani sai bazara ta kama sosai an ɗora mata cikakken kaya. Bazara ba ta zo ba tukuna.